Zanen Goyon da Gwaggo Ta Aika Fadar Ingila

Wata uku da ɗaura mana aure a Damagaram na bi maigidana Paris, a shekarar tamanin da ɗaya. Ɗaki ɗaya muka samu da ɗan madafi, a hawa na biyar na wani tsohon bene kusa da Porte de la Chapelle. Da sassafe yake fita kantin wani Alhaji mutumin Maraɗi, inda suke ɗaure shadda da leshi da turare ana aikawa gida. Ni kuwa sai in wuni ni kaɗai, ina leƙen motoci ta taga. Faransancina a lokacin bai wuce gaisuwa da godiya ba.

A ƙasan benen akwai wata tsohuwar Baturiya mai kula da gidan. Ita ke share matakala, ita ke karɓar wasiƙu ta rarraba. Madam kawai muke ce mata. Wata rana ta gan ni zaune a matakala ina hutawa da kwandon cefane, ta yafuto ni ɗakinta, ta zuba mini kofi mai ɗaci, ta ajiye mini mujalla a cinya. Cike take da hotunan bikin ɗan sarauniyar Ingila, yarima mai jiran gado, da amaryarsa, wata doguwar yarinya mai yawan sunkuyar da kai. Madam ta ɗora yatsa a kan riga ta faɗi sunanta da Faransanci, na maimaita. Ta nuna doki, na maimaita. Ta nuna hular sarauta. Haka makarantata ta fara. Shi ya sa na iya faɗin keken doki da kambin sarauta tun kafin in iya tambayar kuɗin albasa.

Madam ta san gidajen sarautar Turai kamar danginta. Ta san wa ya auri wa, wace ce ba ta shiri da surukarta, wane ne ya yi sanƙo tun yana saurayi. Ran da take son in gane yadda ake gadon sarauta a Ingila, sai ta kwaso cokula ta jera a tebur. Babban cokalin miya shi ne sarauniya. Na biye da shi yarima. Sauran ƙannensa ne, kowa a bayan wani. Ta ɗauko ƙaramin cokalin shayi ta cusa shi tsakanin yarima da ƙannensa, ta ture su baya.

"In suka haihu," in ji ta, "nan ne wurin jaririn."

Na ce, "To ku ina naku sarkin?"

Ta ja yatsa a wuyanta, ta ɗaga kafaɗa. "An daɗe."

"Kuka kashe naku, kuma kuke kallon na wasu?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce na maƙwabta ya fi daɗin kallo, tunda ba su ke ciyar da su ba.

Da sanyi ya shigo aka sanar cewa gimbiyar tana da ciki. Ni ma a lokacin ina da nawa, amma ban faɗa wa kowa ba sai maigidana. Madam ta dube ni sama da ƙasa, ta lura na daina shan kofinta, ta ƙirga da yatsu, sai ta tafa hannu. Wai wata ɗaya za mu haihu, ni da gimbiya. Daga ranar ta mai da abin tsere. Duk sati za ta buɗe mujalla ta gwada cikina da na hoto, ta ce na fi ta, ko ta fi ni. Kunya kamar in nutse, domin a wurinmu ba a zancen cikin fari a fili haka. Amma ba zan ɓoye ba, abin ya ɗebe mini kewa. Yarinyar nan sa'ata ce kusan, ita ma an kai ta gidan da ba ta saba ba, sai na riƙa jin kamar na san ta.

A al'adarmu haihuwar fari a gaban iyaye ake yi. Damagaram ta yi nisa, sai aka yanke shawara in tafi Lyon wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta shekara goma sha wani abu a can. Mijinta, Baba Malam, yana aiki a wata masana'antar rinin siliki. Maigidana ya raka ni cikin sabon jirgin ƙasan nan mai gudu da aka fara a lokacin. Ban gama cin ƙwai da burodin da na ƙunso ba, na ɗan yi gyangyaɗi, sai na ji yana cewa in gyara mayafi mun kusa.

Gwaggo mace ce gajera mai murya, wadda ba ta yarda cewa zama a Turai dalili ne na barin komai ba. Tun kafin in zo ta tanadi gero da kanwa da kayan yaji da busasshen ganyen darbejiya da wani matafiyi ya kawo mata. Ta sayi wata ƙatuwar tukunya wadda sai ta hau kan murhu biyu. Ta dube ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗiyata, me suke ba ki a Paris ɗin, iska?" Daga nan ban ƙara sanin yunwa ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi na sauka, mace, a likitar unguwarsu. Suka riƙe ni kwana biyar, Gwaggo tana zuwa kullum da kunun kanwa a ɓoye cikin jaka, tana mita cewa ana ɓata mata kwanakin wanka. Ranar Litinin wata ungozoma ta ce mini an kai gimbiyar Ingila asibiti. Talata da safe, ina haɗa kaya za mu tafi, ta sake leƙowa tana murmushi ta ce namiji ne. Na ce a raina, to Madam, na riga ta da kwana huɗu.

Muna isa gida Gwaggo ta ɗora tukunya. Wanda bai taɓa shiga hannun Gwaggo a wankan jego ba bai san zafi ba. Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne cikin bahon Turawa, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ina ihu tana cewa in rufe mata baki kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Tururi ya cika gidan har madubi ya daina nuna fuska. Na fito jikina ya yi laushi, ta naɗe ni da zane biyu da rigar sanyi a tsakiyar bazara, ta miƙo mini kwanon kunu.

Da yamma maigidana ya iso daga Paris saboda suna. A kwanakin ana gasar ƙwallon duniya, shi da Baba Malam suka zauna gaban tele suna jiran wasa. Rana ba ta ko faɗi ba, don a bazarar can sai wajen ƙarfe goma ake magariba. Aka fara labarai. Sai ga ƙofar wani asibiti a London, jama'a maƙil, masu ɗaukar hoto kamar za su hau kan juna. Ƙofa ta buɗe, yarima ya fito rungume da jariri cikin farin mayafi, gimbiya a gefensa.

Gwaggo ta saki ludayin da ke hannunta.

"Wannan ba ita ce ta haihu jiya ba?"

Na ce ita ce.

"Jiya jiya? Take tsaye a titi? Ba ɗankwali, iska na kaɗa ta? Innalillahi. Ina uwarta? Ina gwaggonninta? Duk gidan sarautar nan ba mai tukunya?"

Baba Malam ya ce, "Hajiya, su ba sa wankan jego."

"Shi ya sa take kamar tsinke. Ku dubi idon jama'a a kan ɗanyen jariri, ko addu'a ba wanda ya tofa masa." Ta matsa kusa da tele har ta tare wa maza. "Kuma uban ne ya ɗauko shi! Ɗan fari, a gaban duniya, ko kunya babu!"

Na saci kallon maigidana. Tun da ya shigo bai taɓa jaririyar ba. Ya dai leƙa ta daga nesa, ya yi addu'a, ya koma gefe, kamar yadda ya ga manya suna yi. Amma na ga yadda idonsa ke komawa kan shimfiɗarta. Da Gwaggo ta shiga madafi tana ci gaba da faɗa, sai ya ce da Baba Malam a hankali, "Baba, ashe har 'ya'yan sarakuna suna ɗauka."

Baba Malam bai ɗauke ido daga tele ba. Ya ce, "Ni ban ga komai ba, ƙwallo nake jira."

Maigidana ya tashi ya ɗauke ta, ya riƙe ta kamar kwanon da ya cika da mai. Gwaggo ta fito ta same shi a haka. Ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, "Tallafe mata wuya, ai ba buhun shadda ba ce."

Baba Malam abin da ya dame shi daban ne. Shi ɗan gidan sarauta ne na wani gari a yammacin Damagaram, ko da yake bai cika zancen ba. Washegari azumi ya kama, ya dawo daga aiki da wuri ya zauna yana jan carbi, ya sa na yi masa bayanin gadon sarautar Ingila da cokulan Madam. Na jera masa su a kan tabarma.

Ya ce, "Yanzu wannan ɗan kwana biyun ya wuce baffanninsa duka?"

Na ce ya wuce.

"Ba wanda ya ce uffan? Ba masu zaɓen sarki, ba a kai gaisuwa gidan kowa?"

Na ce haka Madam ta ce, tun ran da aka haife shi an san wurinsa.

Ya girgiza kai yana dariya. Ya ba mu labarin rasuwar kakansa. Ya ce 'ya'ya tara suka fito neman rawani, kowa da malamansa, kowa da masu zuga shi. Wata huɗu garin ba mai cin abincin gidan wani. Mahaifinsa, wanda shi ne babba a cikinsu, har ya sa an ɗinka alkyabba. Ƙarshe aka naɗa ƙaninsa, shi kuwa ya ninke alkyabbar ya sa a adaka, ya kama fataucin fata, kuma ya fi sarkin ƙiba da kwanciyar hankali.

"Da tsarin cokulan nan muke bi," in ji shi, "da yanzu ni ne a kan gado, ba ina rina wa Turawa ƙyalle ba."

Gwaggo ta ce daga madafi, "Da garin ya watse. Mutumin da ba ya iya raba faɗan tantabaru a taga."

Maigidana ya ce shi yariman yake tausayi, mutum ya haura talatin yana jira, ga uwa da ƙarfinta. Baba Malam ya ce ai wannan jira ne da ba a so ya ƙare, tunda ranar da ya ƙare ranar makoki ce. Gwaggo ta ce ita dai abu ɗaya ya burge ta, mace ce a kan gadon, kuma ba ta ji an ce ƙasar ta kife ba.

Ranar Alhamis aka yi suna. Da safe mutanenmu na Lyon suka taru a falo, 'yan Nijar da 'yan Chadi da wani tela mutumin Garwa, aka yi addu'a aka raba dabino da goro, kowa ya sa a aljihu saboda azumi. Ragon kuwa wani mahauci Balarabe ne ya yanka mana a bayan gari. Aka raɗa mata sunan mahaifiyar maigidana, ga ta kuma 'yar fari, don haka har yau bakina bai saba da faɗinsa ba. Mata suka wuni suna girki ba mai ɗanɗanawa sai ni, aka mai da ni mai gwada gishiri.

Duk kwanakin nan jaririn Ingila ba shi da suna. Kullum a labarai ana ta hasashe, wai har caca ake yi a kai. Sai da ya kwana bakwai aka sanar. Wannan ya wanke su a wurin Gwaggo.

"To, ashe dai da sauran tarbiyya. Sun san suna sai kwana bakwai." Ta koma kan geron da take tsincewa. Can ta ɗago. "Malam, an yi haihuwa sati ɗaya da tamu, ba mu yi musu barka ba."

Baba Malam ya ce, "Su wa?"

"Mutanen Ingila mana."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce yarinyar nan da gani ba ta da mai faɗa mata gaskiya, kuma duk wanda ya ga mai jego tsaye a titi ya yi shiru, Allah zai tambaye shi. A ɗauko takarda.

Maigidana ya taɓa zama Kano da Ikko, yana ɗan jin Ingilishi, shi aka ba alƙalami ran da ya dawo ƙarshen sati. Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa tana faɗa. Ta fara da gaisuwa, ta gai da sarauniya, ta gai da mijinta, ta tambayi gajiyar haihuwa, ta tambayi ruwan nono. Ta yi wa yaro addu'a Allah ya raya, ya sa ya riƙe talakawansa da adalci in lokacinsa ya zo. Sannan ta shiga bayanin wanka, safe da yamma, kwana arba'in, da irin zafin da ruwan zai yi. Maigidana yana gumi yana cewa, "Gwaggo, wannan ban san shi da Ingilishi ba." Ta ce ya rubuta yadda ya iya, ai suna da masu ilimi a fadar. Darbejiya ta gagare shi, ya rubuta ganyen itace mai ɗaci. Kunun kanwa ya zama miyar hatsi mai gishirin dutse.

Ta so ta haɗa da ƙullin kanwa, Baba Malam ya hana. Ya ce farin abu a ƙulle zuwa gidan sarauta, kafin sati jandarma sun zo sun tafi da mu duka har jaririya. Ta haƙura da ƙyar. Sai ta buɗe akwatinta ta ciro zanen goyo na saƙi, baƙi da ratsin fari, cikin biyun da ta sa aka saƙo mini daga gida. Ta ce ɗaya ya ishe ni. Ta sa aka ƙara a wasiƙar yadda ake ɗaura shi, maigidana har da zana hoto, wanda ya fi kama da tulu a bayan raƙumi.

Adireshi ya rage. Na faki idon Gwaggo na buga wa Madam waya daga akwatin tarho na bakin titi, na faɗa mata da guntun Faransancina. Ta yi ihun murna da jin na riga gimbiya, sannan ta ce a rubuta fadar sarauniya, London, kawai, ba ma'aikacin gidan wayar da zai ɓata. Gwaggo da kanta ta kai ƙunshin, ta tsaya sai da ta ga an manna tambur an buga hatimi.

Na cika arba'in bayan ƙaramar salla, na yi ƙiba har zobena ya ƙi fita. Na koma Paris da goyo a baya, mutane suna kallona a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasu tsofaffi suna leƙa fuskarta suna mata wasa. Hidimar yarinya ta sha kaina, na manta da zancen wasiƙa.

Ganyen itatuwa ya fara zuba ke nan, wata rana maigidana ya dawo da rana tsaka, abin da ba ya yi. Ya ce Gwaggo ta bugo waya kantin Alhaji, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce a faɗa mini an amsa. Alhaji ya ɗauka wani neman aure ne aka amsa, har yana cewa Allah ya sa alheri.

Ba mu ga takardar ba sai da muka je Lyon hutun ƙarshen shekara. Farar takarda ce mai kauri, da tambarin gidan sarauta a sama, layi kaɗan na godiya da aka buga da keken rubutu, wata ma'aikaciyar fada ta sa hannu. Daga baya na gane irinta suke aika wa duk wanda ya yi musu barka, kuma mutane ne ba iyaka. Ban faɗa wa Gwaggo ba, na tabbata ko na faɗa ba za ta saurara ba. Ta sa an yi mata gilashi, ta jingina ta a kabad tsakanin kwanonin tangaran. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, Baba Malam kuma ya ce daga gefe, "Ku gai da Hajiya da kyau, tana da mutane a London."

Ta sa maigidana ya karanta mata ya fassara har sau uku. A na ukun ta ce, "Ba su ce komai a kan wankan ba?"

Ya ce ba su ce ba, Gwaggo.

"Kunya ce. Ba a rubuta irin wannan a takarda. Amma na gan ta a tele kwanan baya, ta ɗan murmure. Ta yi."

Bayan shekara biyu gimbiya ta sake haihuwar namiji. Lokacin Faransancina ya zauna, ni na fara ji a rediyo na buga wa Gwaggo. Ta tambayi tazarar da ke tsakani, na faɗa mata, ta ce ba laifi, ta yaye na farin. Ta tambaya ko wannan ma zai wuce baffannin nasa, na ce zai wuce, yana bayan wansa. Ta ce Allah sarki, su kuma kullum baya suke yi.

Na ce, "Gwaggo, za a sake aika zane?"

Ta ce, "Wane zane kuma? Saƙin gida ne fa na ba ta, yana goya yara biyar bai yage ba. Ta wanke wancan. Ke dai faɗa mini, yaushe za ki kawo mini yarinyar nan in ga ko kuna ba ta abinci."